Motar da Ta Shiga Takaba

Dakoro, 21 ga Sha'aban, 1963

Zuwa ga Yaya Sa'adu, bakanike a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Rahamatu da yara. Mu nan da sauƙi. Ɗiyata Bilki ta yi tari kwana biyar, ya sake ta. Gwaggo Mata, da ta zo taya ni zaman takaba, ƙafa ce ke damunta, baki kuwa lafiya lau.

Takardarka ta ta'aziyya ta iso, na karanta ta da kaina da ɗan bokon da na samu a lakwal kafin a cire ni. Allah ya saka da alheri. Ka yi haƙuri da rubutuna. Na san zumuntarmu ta yi nisa, kakarka da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya, kuma rabona da kai tun ina tallan ƙuli a Maraɗi. Amma duk danginmu kai kaɗai ka san ƙarfe, shi ya sa na kawo maka wannan magana.

Ka tambayi yadda abin ya faru. Ranar goma ga Rajab maigida ya taso daga Maraɗi da mutum bakwai da buhunan gishiri. Kusa da Ɗan Gulbi garken shanu ya faso hanya a gangaren tudu. Ya kauce musu, yashi ya ja ƙafar gaba, mota ta kwanta ta gefensa. Mutum bakwai ɗin sun fita da ƙafafunsu. Shi aka mayar gidan likita a Maraɗi, washegari ya cika, can aka rufe shi. Ban ga fuskarsa ba. Yau aka yi sadakar arba'in.

Motar ta yi kwana huɗu a kwance kafin Intalla, Buzun Azagor da suke abota tun suna samari, ya je da raƙumansa ya tayar da ita ya jawo ta gida. Tana nan ƙofar gidan Yaya Mainassara, wan maigida. Ban gan ta ba, tunda ba na fita, amma Gwaggo ta duba mini. Ƙofa ɗaya ta lotse, gilashin gaba ya fashe, fitila ɗaya ta tsiyaye. Babbar matsalar ita ce inji ba ya juyawa. Mamani mai gyaran kekuna, wanda ke taɓa motar kumandan in ta yi gardama, ya sa manibel, ƙarfen nan da ake murɗa inji da shi ta gaba, ya hau kansa da ƙafa biyu, ko motsi. Ya ce inji ya ƙame. Amma shi da bakinsa ya ce bai taɓa buɗe injin gazuwal ba, wato dizal, na isansi, wato fetur, kawai ya sani.

Yaya Mainassara ya yanke shawara a ja ta zuwa Maraɗi, a cire injin a ba maƙera, a sa mata na isansi, surukinsa ya riƙa jigila da ita zuwa Kano. Ya ce mutanen gari ma suna faɗa, injin da ya ci mai shi ba a sake hawansa.

Yaya, in ta tafi Maraɗi ba za ta dawo ba. Ita ce motar da ke kai mara lafiya da mai naƙuda daga garin nan, ita ce kuma abin da uban Bilki ya bar mata. Isansi babu shi a Dakoro sai a bariki, gazuwal kuwa ga tano-tano nan, manyan gangunan ƙarfe, a bayan ɗakina. Ba na son a taɓa injin nan.

Ka faɗa mini gaskiya. Injin gazuwal yana mutuwa don ya kwanta kwana huɗu?

Ƙanwarka, Furera.

Yamai, 8 ga Ramadan

Zuwa ga ƙanwata Furera.

Na amsa gaisuwa, mu ma muna lafiya, sai zafin azumi da ya fara. Rahamatu tana yi miki sannu, ta ce a shafa mata kan Bilki. A gaida Gwaggo Mata, a ce mata in bakin yana lafiya to ƙafar ma za ta biyo.

Rubutunki ya fi na rabin masu ɗaure wuya da ke ofis ɗinmu. Na tuna ki sarai, ke ce mai ba ni ƙuli biyu ki ce uku ne.

Allah ya ji ƙan mijinki Jimrau. Sau ɗaya na shiga motarsa, kuma ban taɓa jin injin da aka kula da shi haka a cikin yashi ba.

To ga amsarki, ba zan ɓoye miki ba. Ban ga injin ba, amma in ƙato kamar Mamani ya hau manibel bai motsa ba, galibi wani abu ya karye ko ya lanƙwashe a ciki. Kayan gyaran irin wannan inji sai an jira jirgin ruwa ya kawo su Kwatano, ana iya shekara ana jira. Na isansi kuwa ko ina akwai su, ko wane bakanike ya san su. Ni da motata ce, canja injin zan yi. A nan Mainassara bai yi kuskure ba.

Na ga inda kika ce ba ki son a taɓa shi, kuma na gane. Da Inna ta rasu na naɗe tabarmarta na ajiye shekara biyu, ban bar kowa ya zauna a kai ba, har gara ta cinye ta. Ƙarfe ba mutum ba ne, Furera. Ajiye shi ba zai dawo miki da Jimrau ba. Abin da ya mutu a bar shi ya huta. Ki ji da ibadarki da ɗiyarki, ki bar wa maza wannan ɗawainiya. Zan sa ido ko a samu inji mai kyau a nan.

Yayanki, Sa'adu.

Dakoro, 25 ga Ramadan

Yaya Sa'adu,

Ina gaisuwa, ya ibada. Muna lafiya. Bilki ta yi azumin rabin yini tana ta yi wa unguwa shela.

Takardarka ta sa ni kuka, kuma ba irin kukan da kake zato ba. Ba tabarma nake naɗewa ba. Da na ce kar a taɓa injin, ina nufin kar wanda bai san shi ba ya taɓa shi. Laifina ne da ban faɗa maka dalili ba. Ga shi.

Shekara biyu da suka wuce motar nan ta taɓa kwanciya a hanyar Azagor, a hankali, ba wanda ya ji ciwo. Da aka jawo ta gida haka ta yi, manibel ya ƙi. Maigida bai damu ba. Ya ce in injin gazuwal ya kwanta, baƙin mai ne ke gangarawa ya cika masa maƙoshi, kamar jariri ya shaƙe da nono, in ka matsa masa a haka ne kake karya shi. Ya kwance ƙarafa huɗun nan da ke fesa gazuwal a saman inji, ya jera su a farantina na tuwo, ni na riƙe. Ya murɗa manibel, mai ya yi tsartuwa ta ramukan har kan danga. Ya mayar da su, ni ina danna ɗan famfon da ke gefe, shi yana sassauta bututu iska tana fita. Kafin azahar ta tashi. Shekara shida ni ke tace masa gazuwal da tsohon kallabina kafin ya zuba, ni ke miƙa masa kile na kwance noti, har lambobinsu na sani. Wannan duk ba wanda ya sani a gari, don a bayan danga muke yi, inda ba mai gani.

Na aika wa Yaya Mainassara da wannan bayani, ya ce mace mai takaba ba ta da magana a kan ƙarfe. Na aika wa liman ko zan iya fita ƙofar gidan Yaya in duba, ya ce ba larura ba ce, in zauna ɗakina sai ashirin da ɗaya ga Zulƙida. Na yi kwana biyu ba na cin abin kirki in an sha ruwa. Sai Gwaggo Mata ta ce da ni, ke aka hana fita, ita motar wa ya hana ta shiga? Na sake aikawa wurin liman da tambayar haka. Ɗan aiken ya ce malam ya yi dariya har ya ajiye tasbaha, ya ce bai ga inda littafi ya hana ba.

Ranar kasuwa Intalla ya zo da mutanensa. Muka sa aka kwance dangar kara ta gabas, suka turo ta har gindin itacen bedin tsakar gida, aka mayar da danga. Ina daga ɗaki ina leƙe ta labule. Da suka fita na je na ɗora hannuna a kujerar maigida. Hularsa ta saƙa tana ƙarƙashi, ba wanda ya gani. Wannan ranar ban duba inji ba.

Yanzu duk gari ana cewa motar ma ta shiga takaba. Yaya Mainassara ya zo ya tsaya a zaure, gaban liman da Intalla, ya ɗaga murya don in ji. Ya ce: "In injin nan ya tashi kafin Furera ta fita takaba, na bar wa Bilki rabona, motar ta zauna Dakoro. In bai tashi ba, ranar da ta fita ranar za a ja motar." Da ba'a ya faɗa, amma liman ya ce ya shaida.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ƙarƙashin ƙarafan nan huɗu akwai wasu 'yan zobba na jan ƙarfe, maigida ya ce ba a mayar da tsofaffi. Ka aiko mini da huɗu. Ka kuma faɗa mini yadda zan gane in cikin injin ya tsage.

Furera.

Yamai, 6 ga Shawwal

Ƙanwata Furera,

Barka da salla, da fatan kun yi ta lafiya. Shirunki ya yi yawa, na ɗauka kin karɓi shawarata kin huta, haka ya kamata.

Albishirinki. Na samu injin isansi mai kyau, daga motar wani Bature da ya koma gida, da kunnena na ji shi yana aiki. Na ɗora shi a kamiyo, babbar motar kaya, da ke zuwa Maraɗi. Don kar in ɗora miki nauyi, Mainassara na rubuta wa kai tsaye. Na kuma shirya da wani shofer, Na'Allah, zai zo Dakoro da kamiyo da sarƙa ranar da za ki fita takaba ya ja motar. Tsohon injin a ba maƙera su yi garemani da shi, ko a nan ya yi amfani.

Ki kwantar da hankalinki, an gama komai.

Yayanki, Sa'adu.

Dakoro, 22 ga Shawwal

Yaya Sa'adu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi. Rijiyoyi sun fara ja da baya.

Takardarka ban fara jin ta daga hannuna ba. Yaya Mainassara ne ya kai tasa kasuwa aka karanta masa a rumfar masu goro, ya ce ga shi babban bakanike na Yamai, ɗan'uwanta ma, ya ce inji ya mutu. Kafin tawa ta iso, mata uku sun shigo yi mini jajen mota. Na zauna ina tunani, ko dai ka karanta abin da na rubuta maka ka ga shirmen mace ne, ko kuwa bai isa gare ka ba. Na zaɓi in ce bai isa ba, don in iya ci gaba da kiranka Yaya.

Tunda ba ka amsa ba na yi da kaina. Na share ƙarƙashin motar na barbaɗa toka mai laushi, na cika mata ruwan inji har baki, na hana kaji zuwa wurin. Kwana biyu ko ɗigo babu a kan tokar. Na zaro sandar awon mai, baƙi ne wuluk kamar daddawa. Maigida ya ce in ruwa ya shiga mai yakan koma kamar kunun gyaɗa. Bai koma ba.

Sai na aika aka kira Mamani. Ya zo yana cika, wai mace za ta koya masa aiki. Na ja mayafina na miƙa masa kile mai lamba goma sha bakwai, na nuna masa inda zai sa. Ya kwance huɗun, na jera su a faranti kamar yadda suka fito. Na ce ya murɗa manibel a hankali, kuma kar ya bari kowa ya leƙa. Daidai nan Yaya Mainassara ya shigo ganin abin dariya, da farar rigarsa ta salla, ya sunkuya a kan injin. Na buɗe baki in yi magana, kunya ta riƙe ni, Mamani kuma ya riga ya murɗa.

Yaya, ya juya. Mai ya yi tsartuwa daga rami na uku da na huɗu, daga hular Yaya Mainassara har aljihu. Gwaggo Mata ta shige ɗaki da gudu, ita da ke cewa ƙafa, ina jin ta tana toshe baki da matashi. Mamani ya yi ta murɗawa yana salati, inji yana numfashi ta ramukan nan, sumul, babu inda ya sarƙe.

Yaya Mainassara ya goge fuska ya ce juyawa ba tashi ba ce, ko dutsen niƙa yana juyawa. Gaskiyarsa ce. Batir ya mutu murus, babu inda za a cika shi sai Maraɗi. Hannu ba ya tayar da gazuwal. Turawa kuwa, ka san yashin Dakoro, mutum ashirin ba su sa ta gudu, kuma Yaya ya ce in ta fita ƙofar nan ta fita ke nan. Ni ma ba zan iya bin ta waje ba.

Saura kwana ashirin da tara. Zobban nan huɗu nake jira. In ka san wata dabara ka faɗa, in ba ka sani ba kar ka sake rubuta wa kowa sai ni.

Furera.

Yamai, 5 ga Zulƙida

Furera,

Lafiya muke. Zan taƙaita gaisuwa don kunya ta hana ni tsawaitawa.

Takardunki biyu jiya suka iso tare. Ta azumi ta yi kwana arba'in a jakar wani ɗan kasuwa da ya tsaya salla a Ƙonni ya manta da ita. Na karanta su a tsaye a bakin garaji, na sake karantawa ga maigidanmu, tsohon da ya yi shekara talatin a kan gazuwal. Da na kai wurin toka ya cire tabarau ya ce, wannan matar wa ya koya mata? Na ce mijinta. Ya ce to ka rubuta ka ba ta haƙuri.

Ki yi haƙuri. Kin yi mini tambayar bakanike, na ba ki amsar zaman makoki. Ban tambaye ki ta wane gefe ta kwanta ba, ko kwana nawa mai ya samu yana gangarawa, alhali kin rubuta. Sa'ar da aka yi batir ya mutu tun a daji, da an matsa masa da shi, da yanzu maganata ta zama gaskiya.

Zobba suna cikin ƙyallen da na ɗinke a takardar nan, shida ne, ko ɗaya zai faɗi a yashi. Ga dabara. A ɗaga ƙafar baya guda ɗaya ta bar ƙasa, a tokare sauran sosai. A sa babbar giya. A naɗa igiya a jikin tayar, naɗi kawai, kar a ƙulla, mutane su ja da gudu. Tayar za ta juya inji kamar ana tura motar. Sai da rana tsaka, inji ya sha zafi, a kuma kanga wutar tsumma a bakin da yake shaƙar iska. Amma sai igiya doguwa ƙwarai da gudu na gaske, a nan kan kwalta muke yi. Ban san yadda za ku yi a yashi ba.

Na nemi izinin zuwa an hana ni. Na'Allah kuma ya riga ya kama hanya, ba ni da yadda zan tsayar da shi. Saura ke da Allah.

Yayanki mai kunya, Sa'adu.

Dakoro, 22 ga Zulƙida

Zuwa ga Yaya Sa'adu.

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Rahamatu da yara, da tsohon nan mai tabarau. Muna lafiya. Jiya na fita takaba. Na yafe maka tun kafin in gama kwance ɗinkin ƙyallen.

Zobba sun iso saura kwana huɗu. Muka mayar da ƙarafan ni da Mamani, ina danna famfo yana sassauta bututu, har kumfa ta ƙare gazuwal ya fito tas. Yanzu in zai sa kile sai ya dube ni tukuna. Muka ɗaga ƙafar baya, muka tokare motar da turmina biyu da gungumen gawo. Samari goma sha biyu suka ja igiya, ƙafafunsu suna nutsewa, inji ya yi gurnani sau biyu ya yi shiru. Haka ranar farko, haka ta biyu. Na'Allah ya iso da kamiyonsa da sarƙarsa ya sauka gidan Yaya Mainassara, yana cewa a gaya wa mai takaba ta yi ban kwana da ƙawarta.

Da safen ranar ƙarshe ina zaune ina jin kukan gargaron jan ruwa daga rijiyar bayan gari, inda ake ɗaura wa shanu igiya su yi nisa da ita guga ya hau. Na ce da Gwaggo, mu da muke jan ruwa daga gaba arba'in da dabba, me ya sa muke wahalar da 'ya'yan mutane? Na aika wa Intalla. Ya zo da igiyar rijiya ta fata, wadda mutum biyu ke ɗauka, da shanun ja biyu. Aka sake kwance dangar gabas, igiya ta miƙe daga tsakar gidana har bakin fili.

Shanun suka ba mu kunya. Sun saba da rijiya, tafiyar sarauta suke yi, kuma da suka kai daidai inda guga ke isowa baki suka tsaya cak suka juyo, suna jiran a zuba musu ruwa. Mutanen da suka hau katangar maƙwabta suka yi ta dariya. Na'Allah ya ce a kawo musu guga su sha, sun yi aiki. Yaya Mainassara ya dubi rana ya ce azahar ta kusa, wa'adi na ƙurewa.

Intalla bai yi dariya ba. Ya gyara rawaninsa ya tafi, ya dawo da fararen raƙumansa biyu na hawa, waɗanda bai taɓa ɗora wa kaya ba, ko ɗansa ba ya hawansu. Ya ce da ni ta bayan danga, da Hausarsa: "Abokina ya ɗauki matata a motar nan tana naƙuda. Yau su ma su ja."

Ya hau ɗaya, ƙanensa ya hau ɗaya, suka ɗaura bakin igiya a sirdi. Mamani ya shiga ya zauna a kujerar maigida. Ni na tsaya a kan inji da tsumma mai wuta a bakin muciya. Rana tana tsaka, ƙarfe ba ya taɓuwa. Na yi bisimilla na ɗaga hannu, Gwaggo ta rangaɗa guɗa don su ji daga waje.

Raƙuman nan suka zabura. Igiya ta yi ƙara, taya ta kama juyawa har ba a ganin zanenta, turmi yana rawa. Inji ya yi tari, ya sake, ya tofar da farin hayaƙi. Na ga igiya ta kusa ƙarewa, saura naɗi uku, na tura wutar har cikin bakinsa na ce, tashi mana, ai ka san hannuna. Igiya ta zame ta bi raƙuma. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya yi baƙin hayaƙi ya rufe bedi, sannan ya daidaita, ya koma wannan bugun nasa da duk Dakoro ta sani tun daga tudun kudu.

Ban san lokacin da gidan ya cika ba. Mata suna guɗa, Mamani ya riƙe sitiyari yana kuka kamar shi aka yi wa rasuwa. Liman ya fasa shiga masallaci ya zo ya tsaya a inda danga take. Yaya Mainassara ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce: "Malam, ka shaida na faɗa, ka shaida na cika. Ta Bilki ce." Da zai fita ya tsaya kusa da ni bai dube ni ba, ya ce haka take kuka in marigayi ya dawo daga Maraɗi. Shi ma ƙanensa ne.

Abu ɗaya ne ya kusa kayar da ni. Bilki tana gidan maƙwabta, da ta ji ƙarar ta sheƙo da gudu ba takalmi tana kiran Baba. Ta leƙa ta ga Mamani. Na ɗauke ta na zaunar da ita a kujerar, na sa mata hular nan ta saƙa, na ce Baba ba zai dawo ba, amma ga abin da ya bar miki, ji yadda yake gaishe ki. Ta ɗora tafinta a kan ƙarfe tana jin rawarsa. Ba mu kashe shi ba sai la'asar, ni na ja maɓallin da hannuna.

Na'Allah bai koma da sarƙarsa a banza ba, batir ɗin ya ɗauka zai ciko mana. Ya ce in ana neman shofer shi ya gaji da kamiyo, na ce sai na ga yadda yake tace mai. Injinka na isansi yana Maraɗi, surukin Yaya ya nema masa wata motar, ko ku ba maƙera su yi garemani. Abin da nake so daga Yamai gilashin gaba ne da fitila ɗaya. Ƙofar, maƙeran nan sun ce za su buge ta.

Jiya aka yi mini wankan fita. Kayan takaba duka na ba Gwaggo Mata sadaka kamar yadda ake yi, sai kallabin na ce ta bar mini. Ta ce ba a riƙe komai daga ciki, na ce wannan aiki zai yi. Saƙarsa ƙanana ce, ko ƙwayar yashi ba ta wucewa. Akwai wata mata a unguwar maƙera da cikinta ya tsufa, ungozoma ta ce sai Maraɗi. Mamani zai tuƙa, raƙuman Intalla su sake tayar da motar. Da safen nan na ɗaura kallabin a bakin tano, na tace musu man tafiya.

Ƙanwarka, Furera, uwar mai mota.